Wa ake yi wa biki a Wida?

Tsakanin Kwatano da Wida tafiyar kilomita 40 ce ko da ɗoriya kaɗan, in an miƙi hanyar Lome. Fataken Maraɗi da Damagaram da Tawa sun yi shekara da shekaru suna sauka Kwatano ɗaukar motoci da kwantenoni a tashar jiragen ruwa, suna kwana a Zango, amma ba kasafai ake jin wanda ya ratse ya ga Wida ba, domin ba a lodi a can. An daina. A da kuwa babu tashar da ta kai ta ciniki a duk wannan gaɓa, kuma hajar da ake lodawa mutane ne. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 aka fitar ta bakin ruwan Wida tsakanin ƙarni na 17 da na 19, ta yadda in ban da Luwanda ta ƙasar Angola babu wata tashar bayi da ta wuce ta a nahiyar Afirka.

Yau wannan ƙaramin gari ya zama dandalin bukukuwa da baje kolin fasaha na Jamhuriyar Benin. A bakin teku akwai babbar ƙofar tunawa da aka buɗe a 1995, wadda ake kira Ƙofar Tafiya Ba Dawowa. A cikin gari akwai gidan nuna fasahar zamani na gidauniyar Zinsou, da aka buɗe a 2013. An kafa bikin fina-finai na Quintessence a can a 2003. Tun watan Janairun 2024 kuma gwamnati ta ɗauki tsohon bikin ranar 10 ga Janairu na addinin gargajiya, ta faɗaɗa shi zuwa kwanaki, ta laƙaba masa suna da Ingilishi, Vodun Days, a ƙasar da harshen makarantarta Faransanci ne, harshen kasuwarta kuma Fon da Yarbanci da Dendi. Sunan kaɗai ya isa ya nuna wa ake kira. Duk wanda ya damu da al'adu ya kamata ya tsaya ya dubi Wida da idon basira, domin abin da ake yi a can ana yaba shi a matsayin abin koyi, kuma tuni wasu masu shirya bukukuwa na ƙasashen maƙwabta suka fara haɗiyar yawu. Alhali hanyoyi biyu ne a garin, masu hannun riga da juna: akwai fasahar da ke tsayar da ɗan gari ta yi masa tambaya mai ɗaci, akwai kuma bikin da ke yi wa gari kwalliya domin baƙo ya ɗauki hoto. Ta biyun ce ke da kuɗi da ƙarfin hukuma, ita ce kuma ke neman haɗiye ta farko.

Kafin a yi hukunci sai a ba tarihi haƙƙinsa. A 1727 sarki Agaja na Dahome ya ci daular Huweda da yaƙi, ya mallaki Wida, ya naɗa wakili mai kula da Turawa. Faransawa da Ingilishi da mutanen Fotugal kowa yana da ganuwarsa a garin. Ta Fotugal, da aka gina a 1721, ba ta bar hannunsu ba sai a 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai. A farkon ƙarni na 19 wani ɗan Barazil mai suna Francisco Félix de Souza ya taimaki Gezo ya hau gadon sarauta a 1818, aka saka masa da muƙamin Caca, ya zama babban dillalin bayi na garin har mutuwarsa a 1849. Cinikin bai tsaya da dokar Turawa ba: jirgin Clotilda, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya kai bayi Amurka, a Wida ya yi lodi a 1860. Wannan ba labarin Bature shi kaɗai ba ne. Bature ya zo da jirgi da taba da bindiga da wuri da barasa. Wanda ya kamo, ya ɗauro, ya auna, ya karɓi kuɗi, baƙar fata ne.

Bukukuwan zamani sun samo asali daga sauyin siyasar 1990. A zamanin mulkin soja na Mathieu Kérékou, wanda ya rungumi aƙidar Markisanci a 1974, an yi wa bokaye da limaman Vodun kallon masu hana ci gaba, an takura musu ƙwarai. Da aka yi taron ƙasa na watan Fabrairun 1990, irin wanda Nijar ta yi nata a 1991, sabon shugaba Nicéphore Soglo ya buɗe musu ƙofa. Aka shirya babban biki mai suna Ouidah 92, wanda jinkiri ya kai shi watan Fabrairun 1993 ba tare da an sake masa suna ba. A shekara ta gaba, 1994, hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bawa a garin. Wannan biki na 1993 yana da alheri da ba a musunsa. Ya ɗauke wa mutane kunyar addinin kakanninsu, ya kuma ba masu fasahar ƙasa aiki a sarari, a kan titi, inda mai tallar gari da ɗan zemijan za su gani ba tare da tikiti ba. Cyprien Tokoudagba na Abome, wanda ya goge wajen gyaran zanen bangon fadar sarakuna kuma aka nuna aikinsa a Paris a 1989, shi ya gina mutum-mutumin siminti da aka jera a hanyar teku. Ƴan'uwan nan biyu, Calixte da Théodore Dakpogan, jikokin maƙeran Porto-Novo, sun haɗa nasu da tarkacen mota da babur, aka girke su a kurmin Kpassè. Wannan fasahar zamani ce ta gaske, wadda ta fito daga maƙera da garejin unguwa.

Sai dai ɓarakar ma daga nan ta soma. Hanyar da aka keɓe, mai tsawon kilomita kamar 4 daga dandalin Caca zuwa bakin ruwa, sunanta Hanyar Bayi. Me aka jera a gefenta? Gumakan Vodun, da mayaƙiya mace irin ta rundunar Dahome, da dabbobin da ke wakiltar sarakunan Abome, kamar zaki, tambarin sarki Glele. Wato hanyar waɗanda aka sayar an ƙawata ta da tutocin waɗanda suka sayar da su. Dandalin da ake cewa a nan ake gwanjon mutane sunan dillalin yake ɗauke da shi har gobe, kuma zuriyarsa na daga manyan gidajen garin. Ba a ce a rushe gidan kowa ba, ba a kuma ce jika ya biya bashin kaka ba. Amma yaron da aka bi da shi wannan hanya, in ba malaminsa ya buɗe masa ido ba, zai koma gida yana alfahari da jaruntakar Dahome, bai san cewa jaruntakar ce ta cika jiragen ba. Akwai ƴan garin da suka ga wannan giɓi. Farfesa Honorat Aguessy ya gina wurin tunawa na Zomachi, ya kuma kafa tattakin tuba da ake yi a watan Janairu. Kérékou kansa, bayan ya dawo mulki ta hanyar zaɓe, ya nemi gafarar baƙaƙen Amurka a 1999. Amma tuba ba ta cika otal, shi ya sa ba ita ake ɗorawa a allunan talla ba.

Sai kuma batun Itacen Mantuwa, wanda ya fi kowane tsayawa a zuciyar maziyarta. Masu rakiyar baƙi suna ba da labari cewa kafin a kai bayi teku sai an sa maza sun kewaya wani itace sau 9, mata sau 7, domin su manta da garinsu da sunansu da iyayensu. Labari ne mai taɓa zuciya, ya shiga littattafan yawon buɗe ido, ana kuma maimaita shi kamar karatun allo. Amma masanan da suka bi takardun wancan zamani, irin su Robin Law wanda ya wallafa littafi sukutum a kan tarihin Wida a 2004, sun nuna shakka a kan ingancinsa. Hankali ma yana da tasa tambayar: dillalin da ke gaggawar lodi kafin jirgin sintirin Ingila ya ɓullo, da ɗaruruwan mutane cikin mari, yaushe ya sami sukunin ƙirga kewaye? Mai fasaha yana da damar ƙirƙirar alama, wannan sana'arsa ce. Laifin yana wurin hukumar da ta bar alama ta zama darasin tarihi, ba ta rubuta a allo cewa wannan hikaya ce ba.

In ma an yi kewayen, to bai ci ba. Shaidar tana can ƙetaren teku, a jihar Bahiya ta Barazil, kuma a nan ne labarin ya shafi mai karanta Hausa kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun zubar da kamammu masu yawa zuwa kudu, aka fitar da su ta Ikko da Porto-Novo da Badagiri da Wida. A Bahiya Hausawa ne suka ƙulla tawayen da aka bankaɗo a 1807, su ne kan gaba a na 1809 da na 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da ƴantattu musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka tashi a birnin Salvador. Da aka murƙushe su an sami layu da takardun rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Mutanen da suka manta da kansu ba sa ɗaura laya, ba sa kafa makarantar allo a ɓoye. Bayan wannan tawaye an koro da yawa zuwa gaɓar Afirka, wasu suka sauka Wida, kuma unguwar Maro ta garin tana cikin wuraren da waɗanda suka komo suka zauna, har da musulminsu.

Akwai kuma mutum guda mai suna da asali, Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Jugu, garin fatake da ke kan tsohuwar hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, a gidan musulmi, kuma ya faɗa da bakinsa cewa mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. An kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har gaɓar teku, aka ratsa da shi ta Wida wajen 1845, aka kai shi Pernambuko. A 1847 ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York, ya zauna Hayti, ya yi karatu a Amurka, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Yana cikin ƴan ƙalilan da suka bi wannan hanya suka kuma bar labari da muryarsu. Da a ce Hanyar Bayi ta bayi ce, da sunansa ne zai fara tarbar mai ziyara. Amma harshen da aka zaɓa wa hanyar a 1993, kuma aka ƙara masa ƙarfi a 2024, harshen Vodun ne da dodannin Egungun, kamar dai duk wanda aka loda a jirgi mabiyin wannan addini ne. Da yawa mabiyansa ne, babu shakka. Addinin Hayti da na wasu gidajen ibada na Bahiya da Kuba shaida ne. Sai dai ba duka ba, kuma mai sayarwa ma shi yake bi. An zaɓi Vodun ne domin yana da launi da kiɗa da rawa, yana cika ido a majigi. Ɗan Jugu da aka kamo daga arewa ba shi da rawar da za a sayar.

A nan ya wajaba a ja kunnen wani kashi na masu karatu, waɗanda da jin Vodun za su ce ai bautar gumaka ce, su tattara zancen su jefar. Ba nan gizo ke saƙa ba. Mutanen Wida suna da haƙƙin addininsu, kuma garin da ɗakin tsafin mesa yake fuskantar babbar majami'ar Katolika, masallatai kuma na kiran salla a unguwanni, ba ya bukatar darasin zaman tare daga kowa. Haka kuma Bahaushe ba shi da hurumin shiga wannan labari a matsayin wanda aka zalunta kaɗai. Laifi tudu ne. Kamammun da suka gangara kudu, wa ya kama su, wa ya rako su, wa ya karɓi wurin? Damagaram ta ƙarni na 19 ta yi arziki da hanyar Tarabulus, kuma ba fatu da gashin jimina kaɗai ayarin ke ɗauka ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa, bayan doguwar gwagwarmayar ƙungiyar Timidria. A watan Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a kan jika 240 ta sefa, a 1996, shekara guda bayan buɗe ƙofar tunawa ta Wida. Ƙungiyar al'adun da ke shirin yi wa Benin dariya ta fara lissafa wasan kwaikwayo nawa, zane nawa, waƙa nawa ta taɓa gabatarwa a kan wahaya. Ko ba komai mutanen Wida sun ambaci sunan abin, sun gina masa ƙofa.

Hanya ta farko, ta fasahar da ke tambaya, ana ganinta a wani tsohon bene na tsakiyar gari, Villa Ajavon, ginin 1922 irin na waɗanda suka komo daga Barazil. Gidauniyar da Marie-Cécile Zinsou ta kafa a Kwatano a 2005 ita ta gyara shi ta mayar da shi gidan nuna zane da sassaƙa da hotunan masu fasahar Afirka na wannan zamani. Tsarin da gidauniyar ta shimfiɗa tun farko mai sauƙi ne: shiga kyauta, masu bayani ƴan ƙasa, motar da ke zuwa lakwal ta kwaso yara ta mayar da su ba ko dala, da ƙananan ɗakunan karatu a unguwanni. Lokacin da aka soma, masu hikimar baki sun ce ɗan Afirka cikinsa ya dame shi, ba zane ba. Sai ga shi a baje kolin 2006 na cika shekara 100 da rasuwar sarki Behanzin, da aka aro wasu kayan fada daga Paris, mutane sun yi tururuwa. Wannan gida ma yana da nasa rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba: dukiyar iyali guda ce, iyalin da mahaifinsu, Lionel Zinsou, babban ma'aikacin kuɗi ne a Faransa kafin ya zama firaminista a 2015. Abin da alherin mutum ɗaya ya gina, gajiyar mutum ɗaya na iya rufe shi. Amma ma'aunin da ya kafa yana nan: ana auna gidan fasaha da yawan yaran unguwa da suka san hanyarsa.

Mai fasahar da gidauniyar ta fara baje kolinta da shi, Romuald Hazoumè, haifaffen Porto-Novo a 1962, ya isa misalin abin da ake nufi da tambaya mai ɗaci. Kayan aikinsa jarka ce ta roba, bido ɗin nan da ƴan ruwa-ruwa na Maraɗi da Damagaram suka san nauyinsa a bayan babur. A Benin ana kiran wannan mai na sumoga daga Najeriya da suna kpayo. Yakan yanke saman jarkar, marikin ya zama hanci, bakin ya zama baki, sai ga fuskar mutum tana kallon mai kallonta. A babban aikinsa mai suna La Bouche du Roi, wanda ya ɗauki sunan mashigar kogin Mono a teku, ya shimfiɗa irin waɗannan fuskoki 304 a ƙasa, jere da jere, bisa fasalin sanannen zanen nan na jirgin bayi Brookes. Ya sa kwalaben barasa da taba da wuri da madubi, wato kuɗin da aka sayi mutanen da su. Ya keɓe fuskoki biyu, na baƙin sarki da na Bature, da ma'auni a tsakaninsu, domin kada wani ya tsere wa rabonsa na laifi. A gefe kuma majigi na nuna samarin yau suna ɗauke da jarkokin mai a kan babur, suna kasada da ransu don ribar wani. Babu mai fita daga gaban wannan aiki da sanyin zuciya, ko ɗan sarki ne, ko Bature, ko ɗan kasuwa. To ina aikin yake? Gidan tarihin Birtaniya ya saye shi, aka zagaya da shi garuruwan Ingila a 2007 don cika shekara 200 da dokar hana cinikin bayi. Aikin da ya fi kowanne faɗin gaskiya a kan wannan gaɓa mallakar Landan ne, a daidai lokacin da ake neman biliyoyi don yi wa gaɓar ado.

Adon kuwa ga shi. Gwamnatin Patrice Talon, da ta hau mulki a 2016, ta ɗauki yawon buɗe ido a matsayin ginshiƙin tattalin arziki, ta tsara wa Wida babban shiri mai suna Marina, dab da Ƙofar Tafiya Ba Dawowa: otal na alfarma, wuraren shaƙatawa, filin wasannin Vodun, da kwaikwayon jirgin bayi mai cikakken girma wanda baƙo zai shiga ya ga yadda aka jera mutane. A Avlékété, gabas kaɗan, an tsara wurin hutu na kamfanin Club Med. Sai mai karatu ya sawwara abin a ransa: da hantsi a shiga cikin jirgi a zubar da hawaye, da azahar a faɗa tafkin wanka, da dare a je kallon mawaƙa a bakin ruwan da aka loda kakanni. Wuraren baƙin ciki na duniya suna karɓar maziyarta, amma wanda ya san darajar makoki ba ya kafa rumfar shaƙatawa a ƙofar maƙabarta.

Kuma filin ba kango ba ne. Masunta ne a wurin, da matan Djègbadji da suka gaji dafa gishiri kaka da kakanni. A watan Disamban 2023 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto cewa ayyukan ƙawata gaɓar teku da na yawon buɗe ido sun tayar da aƙalla mutum 6,000 tun daga 2021 a wurare huɗu, cikinsu har da Djègbadji da Avlékété, kuma da yawa sun koka a kan rashin isasshiyar sanarwa da diyya. Ko da an yi gardama a kan alƙaluman, siffar abin ba ta canzawa: an tayar da talakan bakin teku daga mazauninsa domin a gina wurin tunawa da waɗanda aka tayar daga mazauninsu.

Masu kare shirin suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa ƙasar da ta dogara da auduga da tashar jiragen ruwa dole ta nemi wata ƙofa. Biki yana kawo ciniki ga mai abinci da mai masauki da ɗan zemijan. Gaskiya ne, na kwana uku. Amma mutanen Agadas sun san ƙarshen arzikin da aka ɗaura a ƙafar jirgin baƙi: da tawayen 2007 ya tashi, sai maƙeran azurfa da masu rakiya suka wayi gari da kaya ba mai saye. Benin ma ta ɗanɗana a 2019, lokacin da aka sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari aka kashe mai yi musu rakiya. Zanen aro ba ya rufe katara. Suna cewa kuma Gana da Senegal sun riga, ga Elmina ga tsibirin Gore. Haka ne, kuma a Gore ma masana sun daɗe suna jayayya a kan alƙaluman da ake faɗa wa baƙi. Kuskuren maƙwabci ba lasisi ba ne. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta jikokin bayi na Amurka da Barazil da Hayti, waɗanda ke bukatar wurin da za su tsaya su yi kuka, kuma dokar 2024 da ta ba su damar neman zama ƴan ƙasa ta cancanci yabo. Amma wanda ya ƙetaro teku neman kakansa ya fi kowa cancantar a gaya masa gaskiya. In aka ba shi hikaya a madadin tarihi, aka ɓoye masa rabon sarki da na dillali don kada ransa ya ɓaci ya fasa kwana, to an sake yin ciniki da shi a kasuwar da aka sayar da kakan.

Su ma dodannin garin ba su tsira ba. Zangbeto mai gadin dare da Egungun mai wakiltar matattu suna da lokacin fitarsu da dalilinta da abin da aka haramta a gabansu. Da aka rubuta musu jadawali, ƙarfe kaza a dandali kaza, ga kujerun manyan baƙi, sun zama ƴan wasa. Wanda ya ga yadda bori ya koma rawar dandamali a zamanin samariya, ko yadda ake jera samarin Wodaabe a gaban na'urar hoto a bikin Ingal, ya san inda wannan hanya take ɓullewa: tufafin suna ƙara kyau, abin da ke cikinsu yana ƙara ƙanƙancewa.

Abin takaicin shi ne hukumar ta san ɗaya hanyar, ta ma taɓa bin ta. Da Faransa ta mayar da kayan fadar Abome 26 a watan Nuwamban 2021, waɗanda sojan Janar Dodds suka kwasa a 1892, an baje su a fadar shugaban ƙasa a Kwatano daga Fabrairun 2022, tare da ayyuka fiye da 100 na masu fasahar zamani 34, kuma shiga kyauta. Mutane sama da 200,000 suka yi layi cikin rana, galibinsu ƴan ƙasa: ƴan makaranta, mata da goyo, dattawa da suka durƙusa a gaban karagar Gezo. Babu otal, babu tafkin wanka, babu sunan Ingilishi. An buɗe ƙofa ne kawai aka ce ku zo ku ga naku, tsoho da sabo a ɗaki guda. Wanda ya ga wannan layi ba zai ƙara cewa sai da baƙo fasaha ke rayuwa ba.

Saboda haka malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar da aka kawo wa takardar shirin biki irin na Wida, da alkawarin baƙi da kuɗin masu tallafi, yana da abin tambaya kafin ya sa hannu. Ya tambayi wa zai shiga ba tikiti, da wane harshe za a rubuta bayanin da ke jikin bango, me zai saura a garin ranar da aka naɗe rumfuna, kuma gidan wa za a rushe don a sami fili. Ya tambayi ko akwai aiki ko da ɗaya a cikin shirin da zai sa mai sarauta ya sunkuyar da kai. In babu, to ba baje kolin fasaha ba ne, tarbar baƙi ce, kuma ita ma tana da ranarta, sai dai a kira ta da sunanta.

Rufe iyaka a gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya katse zirga-zirgar da aka saba, har ziyarar ƴan makaranta zuwa gaɓar teku ta zama zancen nesa. Amma rabon Hausa na wannan labari ba a bakin ruwa yake ajiye ba. Littafin Baquaqua bai kai shafi 100 ba, kuma mayar da shi Hausa bai fi ƙarfin ƙungiyar malamai guda ba, a Maraɗin da ta gaji sarautar Katsinar mahaifiyarsa. Jarkokin da Hazoumè ya yi fuskoki da su kuwa suna nan jibge a kowace mararraba, daga Dan Isa har Magarya, tare da samarin da ke ɗaukarsu.